Zinariyar Cikar Shekarun Aure, Ta Wa Ce?

  

Turawa suna da wata al'ada: idan aure ya cika shekara 25 miji ya ba matarsa azurfa, idan ya kai 50 ya ba ta zinariya. Asalin abin daga ƙasar Jamus ne, inda akan ɗora wa mace kambin azurfa ko na zinariya. Aka kuma sanya wa shekara 30 lu'ulu'u, 40 jan yakutu, 60 daimon. A 1937 ƙungiyar masu sayar da kayan ado ta Amurka ta tsawaita lissafin, har shekarun farko kowace ta sami abin saye. Fatake ba sa bukatar sharhi a nan, mai haja ne ya yanka wa mai saye ranar ciniki.

Kyautata wa mace kuwa Shari'a ta kwaɗaitar da shi, ba ta ɗaure shi da ƙidayar shekaru ba. Wanda ya yi niyya, zinariya da azurfa sun fi dutse amfani gare ta, domin ko a Kasuwar Kurmi ko a Makka ma'auni ne ke magana. Dutse kuwa kuɗinsa a bakin dillali yake, ran saye tsada, ran sayarwa faɗuwa.

Amma ga inda maza ke zamewa. Kyauta idan mace ta karɓa ta shiga mulkinta. A mazhabar Imamu Malik uba da uwa ne kaɗai aka yarje wa su karɓe abin da suka ba ɗansu, shi ma da sharuɗɗa. Miji ba ya ciki. Sai ga mutum jarinsa ya karye, ya ce, "Ara mini sarƙar nan, in kasuwa ta yi kyau na mayar." Ya kai wa maƙeri a narkar, shekara ta juyo, ita kunya ta hana ta tambaya, shi kuma ya riƙa cewa ai shi ya saya. Wannan bashi ne sak. A rubuta shi, a kafa shaidu, a biya shi da nauyin zinariyar, ba da kuɗinta na ranar da aka ara ba. In mai gida ya riga ta cikawa, sai an fitar mata da shi kafin a raba gado.

Adon da mace ke sawa babu zakka a kansa ga Malikiyya. Wanda aka ɓoye domin ranar tsanani kuwa, in ya kai miskali 20, shekara ta zagayo, a fitar da ɗaya cikin 40. In ita ce za ta rama wa miji kyauta, kada ta sa masa zoben zinariya. Na azurfa aka halatta masa, shi ma kada ya wuce nauyin dirhami 2.