Kafin Ki Fasa Asusu Ki Sayi Kwamfutar Tace Bidiyo

 

A watan jiya wata baiwar Allah ta rubuto min daga Funtuwa. Ta ce 'yarta ta gama sakandare, ta koyi tace bidiyo a wayar hannu, har matan unguwa sun fara kawo mata na suna da na kamu. To amma wayar ta gaza, da aiki ya yi nisa sai ta ɗau zafi ta tsaya. Uwar ta kusa kwasar adashe, tana so ta haɗa wa yarinyar kwamfuta ta tebur, sai dai tana tsoron a yi mata sakiyar da ba ruwa a kasuwa.

Wannan wasiƙa ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Shekara biyu da suka wuce mun yi walimar sauka a makarantarmu, aka kai bidiyon wani shago don a tace. Ba a yi wata guda ba sai ga hotunan ɗalibanmu 'yan mata suna yawo a wayoyin samarin unguwa. Tun daga ranar ni da ƙanwata muka ƙudurta cewa bidiyon mata ba zai ƙara fita daga gida ba. Muka shiga kasuwa da kuɗinmu ba tare da sani ba, muka dawo da kwamfuta mai fitilu ja da kore, wadda ko bidiyon minti goma ba ta iya ɗauka sai ta riƙa sarƙewa. Abin da na koya bayan wannan asara shi nake son ki samu a kyauta.

Ki ɗauki kwamfuta kamar kicin ɗinki. Furosesa ita ce mai girkin. RAM shi ne faɗin tiren da take baza kayan miya a kai. Rumbun ajiya kuwa shi ne sito. A nan ne kuɗinki ya kamata su tafi. Akwati da fitilu kwalliya ce kawai.

Mu fara da furosesa, domin a nan aka fi cutar mutane, mu ma a nan aka kama mu. Mai shago ya ce mana, "Hajiya, wannan i7 ce," muka ɗauka mun tsinci dami a kala. Ashe sunan i7 shi kaɗai ba ya nufin komai sai an duba zubin. Ki kalli lambar da ke biye da sunan. Idan kika ga i7-3770, wannan 3 ta farko tana nufin zubi na uku, na shekarar 2012. Idan kika ga i5-8500, zubi na takwas ne, na 2018. Ita kuwa i5-12400 zubi na sha biyu ce, ta 2022. Ƙaramar i3-12100 ta fi waccan tsohuwar i7 gudu nesa ba kusa ba. Kada ki sauka ƙasa da zubi na takwas, domin kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a ƙa'idarta daga zubi na takwas take farawa, ban da 'yan tsiraru.

Idan sabuwa za ki haɗa, biyu nake ba da shawara: Intel i5-12400 ko AMD Ryzen 5 5600G. Kowacce tana da ƙwaya shida masu aiki tare, kuma kowacce tana fitar da hoto da kanta ba sai an sayi katin hoto daban ba. Ki kula da harafin ƙarshe. Ta Intel idan ta ƙare da F, kamar 12400F, ba ta fitar da hoto. Haka ma Ryzen 5 5600 wadda babu G a ƙarshenta. Harafi ɗaya kacal zai iya jawo miki kashe kuɗin da ba ki shirya ba. Sannan kowace furosesa da irin madabod ɗin da take zama a kai: ta Intel ɗin nan tana son mazaunin LGA1700, ta AMD kuma AM4. Ki sa a haɗa miki su a shago ɗaya.

Na biyu, RAM. Kada ki yarda da abin da bai kai 16GB ba. Da 8GB kwamfutar za ta tashi, amma da zarar an jera bidiyo da sauti da rubutu sai ta fara jan ƙafa. Ki sayi guda biyu masu 8GB maimakon guda ɗaya mai 16GB, domin biyun suna aiki kafaɗa da kafaɗa, kamar mata biyu a turmi ɗaya. Akwai DDR4, akwai DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi daga ƙarshen 2025, saboda manyan kamfanoni suna wawashe shi don cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, don haka za a iya cewa ki rage a nan. Ki rage a akwati, kada ki rage a RAM.

Na uku, rumbun ajiya. Tsohon yayi mai faifai yana juyawa, wato HDD, yana karanta kusan 200MB a daƙiƙa. SSD na gama-gari yana kaiwa kusan 550MB, shi kuwa ɗan siririn nan NVMe yana haura 3,000MB. Ki ɗora Windows da aikin da ake kai a kan SSD mai 512GB, ko 1TB in da hali. HDD ki bar shi don adana aikin da aka gama. Bidiyo yana da cin wuri: awa ɗaya ta 1080p daga waya tana iya cin kusan 8GB. Shi kuwa 4K ninki huɗu ne na 1080p a yawan ɗigon hoto. Ga mai farawa, wadda aikinta a WhatsApp da talabijin ɗin falo za a kalla, 1080p ya wadatar.

Katin hoto fa? Ki jinkirta shi. Manhajoji irin su CapCut da Shotcut da Kdenlive suna tafiya ba tare da shi ba a aikin 1080p. Sai ranar da yarinya ta koma DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta amma tana son kati mai ƙarfi, sannan a ƙara irin RTX 3050 daga ribar sana'ar.

Abin da ake rainawa kuma shi ne tukunyar wuta, wadda masu gyara ke kira fawa-fak. Mai arha marar suna idan ta ƙone takan tafi da madabod. Ki nemi mai wat 450 zuwa 550 da tambarin 80 Plus a jikinta. Kin kuma san halin wutarmu. Kwamfutar tebur ba ta da batir, ana ɗauke wuta aikin da ba a adana ba ya tafi. Saboda haka ki sa UPS da sitabilaiza a lissafinki tun farko. Lokacin hunturu kuma a riƙa rufe ta da ƙyalle in an kashe, a kai ta a hure ƙura.

Idan adashen bai kai sabuwa ba, babu kunya a ta hannu. Kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk masu i5 zubi na takwas suna da ƙwari. A ƙara musu RAM da SSD, su yi aiki. Sai dai ƙananansu ba kasafai suke karɓar babban katin hoto ba. Monita da kibod da maus ma na hannu sun isa.

Ranar saye, ki tafi da wanda ya san harkar. A kunna ta a gabanki, a buɗe Task Manager ki ga sunan furosesa da yawan RAM da idonki, kada ki dogara da takardar da aka manna a jiki. A rubuta lambar kowane kaya a rasit, tare da kwanakin garanti.

Daga ƙarshe ina kira ga ita 'yar tamu. Bidiyon da mata za su kawo miki amana ce. Ki sa wa kwamfutar kalmar sirri, ki goge aikin mutane bayan kin miƙa musu, kuma idan za a kai ta gyara a cire rumbun ajiyar tukuna.

Allah Ya sa albarka a sana'ar. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.