Muryar Tsofaffi Ba Ta Jiran Intanet

Ɗalibin kimiyyar harshe da ya je Tibiri, a yankin Gidan Rumji, naɗar Gobiranci, ko ya ratsa ƙauyukan Agye da Gazawa yana sauraren Katsinancin dattawa, yakan dawo da dukiyar da ba ta da madadi. Sau da yawa kuwa a waya guda take kwana. Ranar da wayar ta lalace, aikin wata ya salwanta, ƙila ma tsohuwar da ta yi tatsuniyar ta kwanta dama.

Akan fake da tsadar intanet. Gaskiya ne, sautin sa'a ɗaya a tsarin WAV yana iya kaiwa megabayit 600. Sai dai Wi-Fi daban, intanet daban. Rauta guda, ko babu layin waje, tana haɗa kwamfutocin ɗaki ɗaya. A buɗe folda ta tarayya, kowa ya zuba nasa, abokin aiki ya kwafa ya nazarta da Praat ko ELAN.

Ya kamata sassan harshe su mayar da wannan doka: duk wanda ya dawo daga bincike ya ajiye sautinsa a kwamfuta uku kafin ya kwana. A kuma kulle rezon da kalmar sirri, domin muryar mutane amana ce.