RA'AYINMU: Kifin Kwata Abokin Yaƙi Ne, Amma Kada A Naɗe Gidan Sauro

Duk wanda ya baro Arewa ya zauna a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san damina a Kurmi ba irin ta gida ba ce. Ruwa yakan yi wata bakwai yana zuba, kwatoci ba sa bushewa, sauro kuwa ba ya hutu. Ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke.

To, akwai wasu 'yan kifaye da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, waɗanda ake gani a kwatocin Ikko. Turawa na ce musu gofi, asalinsu Kudancin Amurka. Raina kama ka ga gayya! Sauro a ruwa yake ƙwai, tsutsarsa kuma sai ta taso saman ruwa take shan iska, nan kifin ke lamushe ta tun ba ta yi fiffike ba. Wani irinsu, watau gambusiya, tun 1905 aka kai shi tsibirin Hawayi don wannan aiki.

Amma fa mu faɗa wa juna gaskiya. Sauron da ya fi cika kwata mai ɗoyi ba shi ne mai kawo zazzaɓin ba. Mai zazzaɓin ya fi son ɗan ruwan da ya kwanta a rana, kamar sawun shanu a kara ko ramin da aka haƙi ƙasa, inda kifi ba zai rayu ba. Masana da suka tattara binciken da aka yi, a 2017 sun ce ba su sami tabbacin kifi ya rage zazzaɓin ba. Gambusiya kuma in ya shiga kogi yakan cinye ƙwan kifin gida.

Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da sauran zanguna da su haɗa kai da duba-gari. Kududdufin da ba ya ƙafewa a bar kifinsa, a daina zuba masa baƙin mai. Ƙananan ramuka a cike su, randa da duro a rufe, yara da mata masu ciki su kwana cikin gidan sauro. Wanda jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti a auna jini, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Mun zo Kurmi neman halali ne, kada kuɗin guzuri ya ƙare a jinya. Allah Ya ba mu lafiya, amin.