Sabon aure a Wagini: Ina ango zai kai amaryarsa ranar hutu?

A gidan sabon aure, watanni ukun farko ba su cika zuwa da rigima ba. Gara tana nan, buhun shinkafa bai yi ƙasa ba, ɗaki yana tashin turaren wuta, ƙawaye suna shiga suna fita. Sai a wata na huɗu ko na biyar, bayan baƙi sun ɗauke ƙafa, amarya kan ɗago kai daga wayarta da yammacin wata Juma'a ta ce: "Maigida, yau ma ba za mu fita ba?"

A Kano ko Kaduna, aljihun miji ne ke amsa wannan tambaya. A Wagini da ke ƙaramar hukumar Batsari a yammacin Jihar Katsina, da ƙauyukan Safana da ke maƙwabtaka, aljihu kaɗai bai isa ba. Sai an duba hanya, an duba lokaci, an kuma saurari labarin da ke fitowa daga bakin dajin Rugu. Shi ya sa anguna da yawa kan yi dariya su ce "Fita ina?", su zura takalmi su tafi majalisa.

Wannan dariya kuskure ce. Amarya tana da hujja, ko da kuwa hoton da ke ranta na wani gari ne. Abin da take nema shi ne lokacin mijinta, kuma wannan yana samuwa a Wagini kamar yadda yake samuwa a ko'ina.

Abin da waya ta shigo da shi

Babu mai musun cewa sha'awar matasa ta sauya. Kakar amaryar yau ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, sai dai "Malam" ko "Maigida". Jikarta kuwa ta ajiye lambar angonta a waya da sunan "Habibina". Kakar ta san tuwon dawa da dambu da fura da ɗanwake. Jikar ta san waɗannan duka, ta ƙara da taliyar Indomie da ƙwai, da fura mai yogot, da shawarma wadda wataƙila sau ɗaya ta taɓa ci, ranar da aka je sayayyar lefe a birnin Katsina.

Ba daga sama wannan ya faɗo ba. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina suka shiga gidaje, har waɗanda ba su da talabijin, domin masu tura finafinai a waya suna kusan kowace kasuwa. Daga baya TikTok da Facebook da WhatsApp suka ƙarasa aikin. A can ake ganin ango ya buɗe wa amarya ƙofar mota, sun zauna a wurin shan askirim, sun ɗauki hoto.

Abin da hoton ba ya nunawa shi ne ko a birnin ma abin ya yi wuya. Kantin Shoprite na Ado Bayero Mall a Kano, inda sababbin ma'aurata suka yi shekaru suna zuwa shan iska da ɗaukar hoto, ya rufe a watan Janairun 2024. Litar man fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ma'aikacin gwamnati a Kano ma sai ya yi lissafi kafin ya tayar da mota ranar Asabar, balle manomin rogo da gero a ƙasar Batsari, wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara.

Hutun ƙauye daban yake

Hutun Asabar da Lahadi tsarin ofis ne. A Wagini yana da ma'ana ga malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da na ƙaramar hukuma. Ga sauran jama'a, mako yana juyawa ne a kan Juma'a da ranar kasuwa. Makarantar allo ma Alhamis da Juma'a take hutu. Da damina babu wani hutu sai wanda ruwan sama ya tilasta. Da kaka, bayan amfanin gona ya shigo gida, ake samun sarari da kuɗi, kuma a lokacin ne aka fi ɗaura aure.

Haka nan kuskure ne a ɗauka cewa matar ƙauye ba ta taɓa sanin fita ba. Ko a gidan da ake kulle, mace tana da ƙofofinta: ganin gida, biki, suna, barka, dubiya, ta'aziyya, yawon sallah. Da yawa daga cikinsu bayan magariba ake yi, a tafi cikin ayari da yara riƙe da fitila. Wasu kuma tafiya ce ta kwana biyu ko uku zuwa ƙauyen dangi. A nan amarya ke ganin mahaifiyarta, ta faɗi abin da ke damunta, a ba ta shawara, ta dawo da sanyin zuciya. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, kuma da ƙafar mata aka fi riƙe ta.

Fitar da aka ƙwace

Waɗannan ƙofofi ne rashin tsaro ya rufe ɗaya bayan ɗaya. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum kusan 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. A watan Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita zirga-zirgar 'yan acaɓa daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a yankunan da ke bakin daji. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, kuma Batsari da Safana suna ciki.

A duba yadda wannan ya kasance ga yarinyar da aka kai ɗakinta a wannan shekarar. Ba ta iya zuwa gida da dare. Ba ta iya kiran mahaifiyarta na tsawon watanni. Kasuwar da mijinta zai sayar da akuya ya yi mata ɗinkin sallah an hana cinikin dabbobi a cikinta. Kai amarya ma ya zama abin fargaba a jihar: a watan Fabrairun 2024 an sace gomman mata 'yan rakiyar amarya a yankin Sabuwa. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu sun koma garin Batsari ko Dutsin-Ma ko birnin Katsina, har ya zama gidan da amarya za ta je gani ma babu kowa a cikinsa.

Namiji bai rasa tasa fitar ba. Yana da masallaci, yana da gona idan ta shigu, yana da teburin mai shayi da gidan kallon ƙwallo da majalisar abokai. Matar ce aka bari da bango huɗu da waya. Idan wayar ta cika mata ido da rayuwar wasu, bai kamata a ɗora mata laifin ita kaɗai ba.

Masu cewa a'a

Akwai dalilai uku da ake kawowa, kuma ba duka ne na banza ba.

Na farko kunya da al'ada. Dattawa kan ce namiji mai mutunci ba ya jera kafaɗa da matarsa a titi, abokai kuma su laƙaba masa "mijin ta ce". Amma addinin da ake fakewa da shi bai hana miji nishaɗi da iyalinsa ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya, ya kuma tsaya ta kalli wasan mutanen Habasha da masu a masallaci, tana bayansa, har sai da ta ƙoshi. Shiga ta mutunci da wurin da ya dace su ne sharaɗi. Barin mace ita kaɗai daga safe zuwa tsakar dare ba shi da wata falala.

Na biyu kuɗi. Wannan gaskiya ce, kuma a nan amare ke da nasu gyaran. Wadda ta matsa wa mijinta ya ci bashi don a je Katsina a ɗauki hoton da za a ɗora a "status" ta sayi daɗin wuni ɗaya da damuwar wata guda. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Angon da ya gama biyan sadaki da lefe, wataƙila bayan ya sayar da ɗan maraƙi ko rabin hatsinsa, yana buƙatar mace mai lissafi tare da shi.

Na uku tsaro, kuma shi ne mafi nauyi. A yankin da ake garkuwa da mutane don kuɗin fansa, kuma kowa ya san akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, nuna wadata ganganci ne. Hoton kayan ɗaki, ko na sabon babur, ko sanar da duniya cewa gobe za a bi hanya kaza, na iya jawo abin da ba a so. Angon da ya ce ba za a yi tafiyar yamma ba yana da gaskiya. Sai dai wannan hujja tana iyakance lokaci da wuri da abin da za a nuna wa jama'a ne kawai. Ba ta hana mutum ya zauna da matarsa ba.

Abin da ke hannun ango

Abin da zai gyara lamarin ba shi da tsada. Ango ya ware yini ɗaya a mako, ko da bayan sallar Juma'a ne zuwa la'asar, wanda matarsa ta san nata ne. Idan hanya ta yi daɗi, ya ɗauke ta a babur da rana tsaka ta gaida iyayenta, su juyo kafin rana ta yi sanyi. Idan hanya ba ta biyuwa, akwai gwaggo ko yayar da ke cikin gari. Tsiren da zai ci a tsaye gaban mai nama ya ƙunso shi su ci tare a tabarma ɗaya. Ranar kasuwa ya tambaye ta kalar atamfar da take so kafin ya saya, ko ya kira ta a waya daga rumfar mai yadi.

Sau ɗaya ko biyu a shekara, bayan kaka ko lokacin sallah, ana iya tara kuɗin mota a shiga birnin Katsina. Hasumiyar Gobarau tana nan, hawan sallah a Ƙofar Soro kallonsa kyauta ne, kuma a ranar sai a ci shawarmar a huta. Abin da aka shirya shi tare tun wata biyu baya ya fi abin da aka yi da bashi armashi.

Uwar miji tana da babban matsayi a nan, musamman a gidan gandu inda amarya ke zaune cikin dangin mijinta. Kalma ɗaya daga gare ta, "Ɗauki yarinyar nan ka kai ta ta ga gida", ta isa ta kashe bakin masu tsegumi. Malamai ma, da ke yi wa amare nasihar haƙuri da biyayya a kowane ɗaurin aure da walima, ya kamata su riƙa gaya wa anguna cewa hira da iyali haƙƙi ne, kamar ci da sha da sutura. Shekarar farko ce ake kafa ɗabi'ar gida. Da zarar ciki ya zo, aka tafi goyon ciki da wankan jego, aka dawo da goyo, abin da ba a saba ba tun farko da wuya a fara shi.

Ma'aunin sulhu

Sauran aikin na hukuma ne. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a watan Oktoban 2023. A 2025 kuma al'ummomi a Batsari da Jibiya da Safana da wasu ƙananan hukumomi suka shiga sulhu da 'yan bindigar yankunansu. Ra'ayi ya rabu a kan sulhun: wasu na ganin ya ba manoma damar komawa gona, wasu na tuna cewa an yi irinsa a jihar a 2019 bai ɗore ba.

Jami'ai kan auna nasara da yawan bindigogin da aka miƙa da mutanen da aka sako. Waɗannan suna da muhimmanci. Amma akwai wani ma'auni da kowane gida a Wagini ke iya dubawa da kansa: ko ango zai iya goya amaryarsa a babur ya kai ta ƙauyensu, ta wuni, ta ci tuwon mahaifiyarta, su dawo bayan magariba ba tare da an yi ta kiran waya ana tambayar ko sun iso ba. Ranar da mata suka koma zuwa barka da dare cikin ayari, ranar ce za a ce zaman lafiya ya dawo ƙasar Ruma.

Kafin wannan rana, tambayar amarya tana nan a kowace Juma'a. Angon da ba shi da mota, ba shi da kuɗin zuwa birni, yana da yini guda da zai iya bayarwa. Ya ajiye takalmin majalisa, ya ce mata: "Ɗauko mayafinki, mu je mu gaida Inna."