Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Shiga

Magidancin da ya kewaye gidansa da katanga ba zai san ko tana da kafa ba muddin yana zaune tsakar gida. Sai ya fita ya zaga ta, ya dube ta da idon ɓarawo. Haka al'amarin yake ga katangar tsaron da ke cikin na'urar nan mai raba intanet a gida, wadda aikinta shi ne tare baƙon da ba a gayyata ba. Sau da yawa mutum yakan saya ya jona, da ya ga fitila ta kama, shi ke nan sai ya saki jiki.

To, kowane adireshi na intanet yana da ƙofofi masu lamba, daga 0 har zuwa 65,535. Ta 23 ita ce ta Telnet, wato ta ba na'ura umarni daga nesa, ta 445 kuwa ta musayar fayil ce tsakanin kwamfutocin Windows. Ɓarayin zamani suna da na'urori masu bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana, suna ƙwanƙwasa ƙofofin nan.

A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi ta ƙofa ta 23, tana gwada kalmomin sirri kamar 60 waɗanda masana'antu ke sa wa kaya, ta kame kyamarori da na'urorin gida dubu ɗaruruwa. Ran 21 ga Oktoba aka tura su kan kamfanin Dyn, har Twitter da Netflix suka gagara buɗuwa a sassan Amurka, alhali masu kayan ba su san an yi aika-aika da su ba. A watan Mayu na 2017 kuma WannaCry ta bi ta ƙofa ta 445 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama.

Maganin abin shi ne a sa wani ya ƙwanƙwasa daga waje. Tun 1999 Steve Gibson, mutumin Kalifoniya, ya buɗe ShieldsUP, wadda ke yin wannan aiki kyauta. Tana iya bin ƙofofi 1,056 na farko ta kawo rahoto da launi. Ja na nufin ƙofa a buɗe take, shuɗi a rufe amma an amsa sallama, kore kuwa shiru, kamar babu gida a wurin. Wanda ya ga ja bai san dalili ba, sai ya kashe sarrafa na'urar daga nesa, ya kashe UPnP mai buɗe ƙofa da kansa, ya sauya kalmar sirrin masana'anta, sa'an nan ya sake gwaji.

Sai dai a yi hattara. Mai samun intanet ta layin wayar hannu, kamar akasarin 'yan Nijeriya, galibi adireshi ɗaya yake tarayya da mutane masu yawa, saboda haka koren da ya gani na katangar kamfani ne, ba tasa ba. Har ila yau, gwajin ba ya ganin ɓarawon da mai gida ya shigo da shi da hannunsa ta hanyar buɗe mugun saƙo. Kuma ƙofar gidansa kaɗai mutum zai gwada, domin dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta kutsawa kwamfutar wani ba da izini ba.

Aikin 'yan mintoci ne, kuma ya kamata a maimaita duk ranar da aka jona sabuwar kyamara ko aka sauya na'ura.