Nasiha a kan Naman Layya da Ƙibar Sallah

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya 'yan'uwana malamai da almajirai, ina so in yi magana a kan abin da ya same ni, domin na tabbata ba ni kaɗai ba ne.

Ni mutum ne mai makarantar allo. In Babbar Sallah ta zo, ban da ragon da na yanka, iyayen yara sukan aiko da nama, wannan cinya, wancan karfata. Iyali su soye shi cikin kitsensa, su cika tukwane, in yi ta ɗiba safe da yamma har watan Muharram ya kama. Kowace shekara sai in sassauta zariyar wando, in ce albarka ce. Bara na yi sujada, da zan tashi sai da na dafa bango. Da na je asibiti likita ya auna ni, ya ce jinina ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa.

Shi ne ya ba ni labarin cewa a shekarar 2000 waɗansu likitocin Amurka sun bayyana abin da suka gani bayan sun auna mutum 195 kafin bukukuwansu na ƙarshen shekara da bayansu. Abin da suka ƙaru da shi, in an raba daidai, bai kai rabin kilo ba. Amma fa da shekara ta zagayo, ƙarin nan yana nan bai zube ba. To, ku lissafa: rabin kilo sau shekara 20, kilo 10 ke nan. Haka ƙiba take shigowa, kaɗan-kaɗan, mai ita bai sani ba.

Ku sani, cin ranar Idi ba shi ne illar ba. Shari'a ma ta hana azumi a ranar, kuma kwanakin da ke biye kwanakin ci da sha ne da ambaton Allah. Illar tana cikin mayar da kwana 3 su zama kwana 30. Likitoci suna auna ƙarfin abinci da abin da suke kira kalori: giram 1 na kitse yana da 9, na sitacin hatsi ko furotin ɗin nama 4. Ashe tsokar da ta kwana cikin mai ta fi gasasshiya nauyi nesa. Lemon kwalba guda kuwa, irin wanda ake tarbar baƙo da shi, sukarin cikinsa ya kai kimanin ƙaramin cokali 9. Mai yawon Sallah gida 5, in ya sha a kowane gida, sai ya yi hisabi da kansa.

Wani zai ce, Malam, ai ƙiba alamar wadata ce, ƙin abincin mutane kuwa wulaƙanci ne. Na ce, ba a ce ka ƙi ba. Ka sa albarka, ka ɗauki tsoka ɗaya, ka nemi ruwa, ka yi addu'a. Babu maigidan kirki da zai yi fushi da wannan. Wadatar da ta hana ka tsayuwa cikin sallah kuwa, wace irin wadata ce?

Maganin yana cikin littattafan da muke karantarwa, mu ne muka yi sakaci. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki kashi 3: abinci, abin sha, numfashi. Suratul Hajji ta haɗa cin layya da ciyar da mabuƙaci. Ajiye nama halal ne, amma mu tuna an taɓa hana ajiye shi fiye da kwana 3 a shekarar da matalauta suka shigo Madina da yunwa. Yau mabuƙatan suna zaurenmu. Kitsen da ya taru a cikin malam, rabon almajirin da ya kwana da gaya ba miya ne.

Ga abin da na ɗaukar wa kaina bana. Mafi yawan naman zan rabar tun ranar yanka, in fara da almajiraina. Abin da ya rage a yanke kitsen, a gasa ko a dafa da ganye. Zan ci a zaune, a lokacin abinci, cikin ƙaramin kwano, in daina tsintar tukunya. Idi da gaishe-gaishen unguwa da ƙafa zan je. Kwanakin tashriƙi na wucewa, in koma azumin Litinin da Alhamis. Wanda yake da ciwon suga ko hawan jini, ya shawarci likita kafin ya ɗauki azumi.

Ku kuma almajirai, kun wuni wata da watanni ba ku ga nama ba, ku ci, halal ɗinku ne. Sai dai ku koyi ɗage hannu da sauran wuri a ciki tun kuna yara, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma gobe ku ne malamai.

Allah ya karɓi layyarmu, ya ba mu lafiyar bauta masa. Haza wassalam.