A kulle kwamfutar makaranta, amma makulli a hannun wa?

Duk lokacin da aka yi maganar kawo kwamfutocin hannu a makarantunmu, tambayar farko da iyaye ke yi ita ce: yaran ba za su shiga inda bai kamata ba? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da tarihi. A shekarar 2007, shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, wato One Laptop per Child, ya raba ƙananan kwamfutoci a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Cikin ƴan watanni sai ga labari a jaridu cewa yara na buɗe shafukan batsa da su. Daga baya ne aka sa matata a hanyar intanet ɗin. Don haka ni ina tare da masu cewa a kulle. Na'urar da za a miƙa wa yaron aji uku ba a barinta kara zube.

Kullewar kanta ba wani abin wahala ba ne. Wanda ya shirya manhajar yakan ɓoye wurin da ake sauya saiti, ya hana girka sabon abu ko goge tsoho, ya sa na'urar ta buɗe kai tsaye kan darasi. Akwai kuma asusun mai kula, mai lambar sirri, wanda shi kaɗai ke iya taɓa cikin. Ranar jarabawa wannan tsari alheri ne.

Inda nake da ja shi ne wurin da ake ajiye lambar sirrin. Wata ƙungiya ta taɓa kawo mana irin waɗannan na'urori a nan yankin Bangi, ta kulle su tam, lambar kuma tana wurin ma'aikacinta a Yamai. Batir ya mutu ƙurmus lokacin hutun damina, agogon ciki ya koma baya, manhajar ta ƙi buɗewa sai an gyara kwanan wata. Gyaran minti biyu ne, amma ba mu da izinin shiga. Muka yi ta waya har zangon karatu ya wuce, na'urori na kwance a kabad ɗin darakta suna shan ƙura. Wanda ya tsara kullen ya yi tunanin ɓarnar yaro, bai yi tunanin nisan Bangi da Madawa ba, balle Yamai, kuma bai ɗauki malami a matsayin wanda za a ba amana ba. Mutumin da aka damƙa wa yara sittin tun safe har yamma, shi ne ake tsoron ba lambobi huɗu!

Su kuwa yaran, kulle bai cika tsayar da su ba. A 2013 hukumar makarantun Los Angeles a Amurka ta fara raba iPad a wani shiri na sama da dala biliyan ɗaya. Cikin kusan mako guda ɗaliban sakandare suka gano cewa in suka goge wani ɗan saiti, shingen ya tashi, suka shiga Facebook da YouTube. A Habasha ma, a 2012, an ajiye kwamfutocin hannu a ƙauyuka biyu, an rufe kyamararsu. Nicholas Negroponte, jagoran shirin, ya ba da labarin cewa cikin wata biyar yaran da ba su taɓa shiga aji ba sun buɗe ta. Ke nan malami ne kullen yake ɗaurewa, domin shi ba zai yi wa kayan hukuma shigar taga ba.

Akwai kuma asarar da ba a cika ambata ba. Kwamfutar Galadima ɗin nan an ƙera ta ne da nufin yaro ya leƙa yadda aka rubuta manhajar, ya sauya, ya ga abin da zai faru. In aka toshe wannan gaba ɗaya, abin da ya rage allon latse-latse ne kawai. Manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta fitar kyauta a 2007, tana aiki ko babu intanet, kuma yaro na CM2 zai iya haɗa ɗan wasansa da ita. Me zai hana a rufe ƙofar intanet da ta saiti, a bar masa wannan ɗaki a buɗe? In ya jagwalgwala, malami ya mayar da na'urar yadda ta zo.

Shawarata ga kwamitin iyaye da daraktoci: kafin ku sa hannu a takardar karɓar kaya, ku nemi a rubuta lambar mai kula a ambulan biyu, ɗaya wurin darakta, ɗaya wurin sufeto, sannan a zaunar da aƙalla malamai biyu a nuna musu yadda ake mayar da na'ura sabuwa ba tare da intanet ba. Wanda ya ce ba zai bayar ba, ku tambaye shi kwana nawa ma'aikacinsa zai yi kafin ya iso Bangi a watan Agusta.